SAYEN MOTAR IYALI A MA'AUNIN SHARI'A: SABUWA KO TA HANNU?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin magidanta a nan Kongo da cikin birnin Zazzau. Mutum ya yi shekaru yana tattali, iyali sun ƙaru, babur ya daina isarsu, ga shi yana son ƙaramar jif irin wadda ta ke da ɗan tsawo daga ƙasa, domin kai yara makaranta da kai matarsa asibiti da ziyarar iyaye a ƙauye. Sai ya tsaya yana wasiwasi, shin sabuwa zai nema ko ta hannu? Galibi makanike a ke tambaya, ko dillali, ko abokin aiki. Kaɗan ne su ke tuna cewa akwai babi sukutum a littattafan fiƙihu da ya yi magana a kan wannan al'amari, watau babin ciniki. Alhali kuwa bayan gida, da wuya talaka ko ma'aikaci ya ƙulla cinikin da ya fi na mota girma a rayuwarsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi, domin wanda ya shiga kasuwa da jahilci yana iya cin riba bai sani ba.

ASALIN HUKUNCI

Mallakar abin hawa halal ne, kuma ni'ima ce. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa da abin ado, sa'an nan Ya ba da labarin cewa Yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malaman tafsiri na wannan zamani sun shigar da mota da jirgi a cikin wannan. Ɗalibin Larabci kuma zai lura cewa kalmar "sayyara" da Larabawa su ke kiran mota da ita yau, ita ce ta zo a Suratu Yusuf da ma'anar ayarin matafiya. Har wa yau akwai hadisin da Ibnu Hibban ya ruwaito, wanda ya lissafa abin hawa mai daɗi a cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace ta gari da gida mai yalwa da maƙwabci na gari.

Sayen abin da wani ya riga ya yi amfani da shi kuwa ba aibi ba ne ko kaɗan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi raƙumin Jabir ɗan Abdullahi suna kan hanyar komawa Madina, raƙumin da ya riga ya gaji da tafiya, kuma Jabir ya sharɗanta zai hau shi har gida. Saboda haka Shari'a ba ta fifita sabuwa a kan ta hannu ba, ba ta kuma fifita ta hannu a kan sabuwa ba. Abin da ta ke dubawa shi ne inda kuɗin suka fito, da abin da aka ɓoye a cikin cinikin, da haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashin mai sayen. A taƙaice, sabuwar mota hatsarinta yana wajen biyan kuɗinta, ta hannu kuwa hatsarinta yana cikin jikinta.

Manya daga cikin masu karatu za su tuna lokacin da wannan tambaya ba ta da nauyi haka. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kuma a wancan zamani babban ma'aikaci kan hau sabuwar 504 ba tare da an yi mamaki ba. Da darajar Naira ta fara faɗuwa daga shekarar 1986, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, kasuwa ta koma ga waɗanda aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda a ke kira tokumbo, ko Beljiyam, ko 'yar Kwatano. Yanzu mai neman ƙaramar jif, kamar Toyota RAV4 ko Honda CR-V ko Hyundai Tucson ko Kia Sportage, yana gaban hanyoyi uku: sabuwa daga kamfani, ko tokumbo, ko wadda aka riga aka hau a nan gida.

AWO NA FARKO: BUƘATA DA ƘARFI

Kafin a je ga mota, sai a fara da mai sayen. Ciyar da mata da 'ya'ya da tufatar da su da ba su wurin zama wajibi ne a kan magidanci, haka nan ciyar da iyaye idan matalauta ne. Mota kuwa halal ce kurum. Ƙa'ida ce sananniya cewa ba a tauye wajibi domin a sami abin da ya ke halal kawai. Wanda zai sayi jif sa'an nan cefane ya ragu, kuɗin makarantar yara ya gagara, mai haya ya riƙa sallama a ƙofa, to, wannan ya ɗauki haƙƙin iyalinsa ya zuba a tankin mota. Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan za su kashe dukiya ba su yin ɓarna, ba su kuma yin ƙwauro, suna tsayawa a tsakani.

Lalle ne kuma a sani cewa kuɗin mota ba ya ƙarewa ranar da aka karɓi makulli. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen shekarar 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Jif ta fi ƙaramar mota nauyi, saboda haka galibi ta fi ta shan mai, tayoyinta sun fi girma sun fi tsada. Ga baƙin mai, ga sabunta takardu, ga inshorar dole wadda aka ɗaga daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon shekarar 2023. Mai hankali zai zauna da alƙalami ya lissafa abin da motar za ta ci a wata, ya gwada da abin da ke shigo masa.

Sa'an nan ya dubi buƙatarsa da gaskiya. Wanda ke zirga-zirga daga Ƙofar Doka zuwa Kongo, ko daga Tudun Wada zuwa Samaru, a kan kwalta ya ke tafiya, ƙaramar mota ta ishe shi. Wanda kuwa ke da gona ko iyaye a ƙauyukan Giwa ko Soba, inda damina ke ɓata hanya, yana da dalilin neman mai tsawo daga ƙasa. Mazaunin cikin birni ya auna faɗin lungunsu da wurin da zai ajiye ta, kada ya toshe wa maƙwabta hanya, domin hanya tana da haƙƙi. Mai iyali takwas ya tuna ƙaramar jif kujerun mutum biyar gare ta, kuma cusa yara a wurin kaya jefa rayuka ne cikin hatsari. Idan kuwa mutum ya bincika zuciyarsa ya ga abin da ke tura shi shi ne wane ya saya, to, ya nemi tsarin Allah daga alfahari, ya dakata.

SABUWA DA HANYAR BIYANTA

Amfanin sabuwar mota a fili ya ke. Babu wanda ya hau ta, babu tarihin da aka ɓoye, kamfani kuma yana ba da garanti na wani lokaci. Garanti kuwa sharaɗi ne da mai sayarwa ya ɗora wa kansa, kuma cika shi wajibi ne. Wanda Allah Ya hore masa ya biya lakadan daga halaliyarsa ba tare da ya ƙuntata wa kowa ba, babu laifi a kansa, sayen nagari mai da kuɗi gida.

Matsalar ita ce kaɗan ne ke da wannan hali, sauran sai da bashi. A nan ne ƙafa ke zamewa. Wanda ya karɓi rancen Naira miliyan goma a banki ko a ƙungiyar ma'aikata bisa sharaɗin zai mayar da miliyan goma sha uku, ya shiga riba, ko da an kira ƙarin da wani suna mai daɗi. Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba a Suratul Baƙara, aya ta 275, kuma a cikin hadisin da Muslim ya ruwaito an la'anci mai cinta da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta. Sha'awar sabuwar mota ba ta kai lalurar da ke halatta haram ba.

Sayen mota bashi da farashin da ya ɗara na lakadan kuwa wani abu ne dabam, domin ƙarin yana cikin kuɗin haja ne, ba a kan rance ba. Jumhurun malamai sun halatta shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a shekarar 1990. Amma da sharuɗɗa. Tilas ne a tsaya a kan farashi guda kafin a rabu, kada a tashi a kan "in lakadan kaza, in bashi kaza" ba tare da an yanke ɗaya ba. Tilas ne a san adadin biya da lokutansa. Kuma idan mai saye ya makara, ba a ƙara masa ko kwabo a kan bashin, domin wannan ƙarin shi ne ainihin ribar Jahiliyya.

A kan wannan ne bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa suka gina abin da su ke kira murabaha. Bankin Jaiz ya fara aiki a shekarar 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Surar ita ce banki ya sayi motar, ta zama tasa, sa'an nan ya sayar wa mai buƙata bayan ya bayyana masa uwar kuɗi da ribar da ya ɗora. Ya kamata masu karatu su sani cewa malaman Malikiyya na da sun hana mutum ya ce wa wani ya sayo masa haja da goma lakadan shi kuma zai karɓa da goma sha biyu bashi, domin sun ga rance ne da ƙari aka lulluɓe da mayafin ciniki. Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta halatta murabaha bisa sharaɗin cinikin ya auku bayan banki ya mallaki hajar ya karɓe ta, asararta tana wuyansa kafin ya miƙa, kuma a iya mayar masa da ita idan aibi ya bayyana. Saboda haka mai saye ya tambaya da kyau: shin bankin ya mallaki motar da gaske kafin a sa hannu a takardar ciniki? Idan kuɗi kawai aka tura masa aka ce ya je ya saya, suna ne aka canja, hukunci bai canja ba.

TA HANNU DA ABIN DA KE ƁOYE

Mota ta hannu ta fi sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa ita ce hanyar da magidanci zai bi ya tsira daga bashi. Amma mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, kuma a cikin wannan tazara Shaiɗan ke shiga. Larabawa suna kiran ɓoye aibin haja "tadlisi", kalmar kuwa daga "dalas" ta ke, watau duhu, kamar dai mai sayarwa ya tura ɗan'uwansa cikin duhu ne ya ce ya zaɓa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. Mu dubi yadda wannan ya dace da zamaninmu. A Amurka idan guguwa ta jawo ambaliya, kamar ta Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa kan nutse, kamfanonin inshora su biya masu su, su yi gwanjonsu da araha. Haka a ke yi da waɗanda suka yi mummunan hatsari. Waɗansu daga cikin irin waɗannan a kan yi musu kwaskwarima a sayar a ƙasashenmu. Sayar da su ba haram ba ne in an faɗi gaskiya an rage kuɗi. Haram shi ne a wanke, a fesa turare, a yi shiru, alhali ruwa ya shiga wayoyi da kwamfutar motar, ko jakar iskar da ke kare fuska lokacin hatsari ta riga ta fashe an toshe gurbinta. Wannan na ƙarshe ya wuce cin dukiya, wasa ne da rayukan mata da yara.

Akwai kuma mas'alar dabbar da a ke ƙin tatsa kwana biyu ko uku domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Hadisi ya hana wannan, ya ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Malamai suna kiran irin wannan ruɗi na aiki, ba na baki ba, kuma Malikiyya sun ɗauke shi tamkar sharaɗin da aka furta aka saɓa. Mai mayar da agogon da ke ƙirga tafiyar mota baya, ya sa wadda ta yi kilomita 250,000 ta nuna 90,000, shi da mai ɗaure hantsa hukuncinsu ɗaya. Haka mai zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙarar injin, da mai kashe fitilar gargaɗi, da mai cewa duk ƙafafu huɗu suna ja alhali na gaba ne kaɗai.

Waɗansu masu sayarwa kan fake da cewa, "Yadda ka gan ta haka na sayar, in ta fita ba ruwana." A mazhabar Malik wannan magana ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Wajibi ne ya ambaci aibin da sunansa, ya nuna wurinsa da girmansa. Faɗin cewa "ka san mota ta hannu ba ta rasa matsala" bai wadatar ba idan ya san giya ce ke shirin mutuwa.

HAƘƘIN MAI SAYE IDAN AIBI YA BAYYANA

Ibnu Abi Zaid Alƙairawani a cikin Risala, da Shaihu Halil a cikin Muhtasar, sun yi bayanin wannan, ga kuma taƙaitawarsa a kan mota.

Idan mai saye ya gano tsohon aibi wanda ke rage daraja, wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe motar a kan kuɗinta, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Hawan da ya yi kafin ya gano ba ya biyan haya a kansa, domin a wannan lokaci da ta lalace asararsa ce, wanda ke ɗauke da asara kuwa shi ke da amfani.

Idan wani sabon aibi mai nauyi ya same ta a hannunsa kafin ya gano tsohon, zaɓinsa ya sauya: ko ya riƙe a biya shi ragin tsohon aibi, ko ya mayar ya biya ragin sabon. Yadda a ke fitar da ragin shi ne a kira masana su yi wa motar ƙima sau biyu. A misali, an saye ta Naira miliyan 9. Masana suka ce da lafiyarta ƙalau ta kai miliyan 10, da wannan aibi kuwa miliyan 8. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a mayar wa mai saye kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya, watau miliyan 1 da dubu 800.

Idan kuwa mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, motar kuma ta halaka saboda wannan aibin, asarar tana kansa, zai mayar da kuɗi gaba ɗaya.

Sai dai a kula da abu guda da mutane da yawa ke tauye kansu da shi. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da hawa cikin gari, ko ya sa ta a kasuwa, ko ya yi shiru tsawon lokaci ba da uzuri ba, an ɗauka ya yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. An yi rangwame ga matafiyin da aibin ya bayyana masa a hanya, ba shi da yadda zai yi sai ya ƙarasa. Saboda haka da zarar an gano, a ajiye mota, a kafa shaidu, a sanar da mai sayarwa. Aibin da ke fili kuwa, kamar tsagaggen gilashi ko koɗaɗɗen fenti, wanda mai saye ya gani ya saya, ba a mayarwa saboda shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

HIYARI DA CINIKIN ABIN DA BA A GANI BA

Rigakafin duk wannan yana cikin abin da a ke kira hiyari, watau a ƙulla ciniki bisa sharaɗin mai saye yana da 'yan kwanaki na gwaji ko shawara. Malikiyya sun ba gida kamar wata guda, dabba kuwa kamar kwana uku, kuma mota ta fi kusa da dabbar hawa. Ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikin kwanakin hiyari, kuma motar tana nan a matsayin ta mai sayarwa har a zartar. A tuna kuma cewa a wurin Imam Malik ciniki yana ƙulluwa da furuci, ko ba a tashi daga majalisi ba. Wanda ya ce "na saya" aka ce "na sallama" ba tare da ya sharɗanta hiyari ba, ya ɗaure kansa.

A cikin waɗannan kwanaki sai ya kai ta wurin makaniken da shi ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. A duba injin da sanyin safiya kafin a ɗumama shi, a hau ta a ji yadda giya ke shiga, a ɗaga ta a dubi ƙasanta ko akwai walda ko tsatsa, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi alamar laka, a sa na'ura a karanta abin da kwamfutarta ta adana. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ta hanyarta a kan iya gano tarihin wadda ta fito daga Amurka a intanet. A tambayi kuma ko kayan gyaranta suna samuwa a Sabon Gari, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Wannan bincike ba munana zato ba ne. Shari'a ce ta sharɗanta a san abin da a ke saye.

Game da sayo mota daga Kwatano ko Ikko ta hoton waya, Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, idan an siffanta shi sosai. In ya zo daidai da siffa ciniki ya zauna, in ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Amma sun hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso idan wurin yana da nisa kuma abin yana iya canjawa a hanya. Wanda ya tura dukan kuɗinsa a kan hoto guda uku, ya yi abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama.

Kafin alƙalami kuma, idan za a lissafa shi cikin kuɗi in an saya, a mayar in an fasa, babu saɓani a kan halaccinsa. Idan kuwa mai mota zai cinye shi in an fasa, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun hana, Ahmad ɗan Hambali ya halatta, Majalisar Fiƙihu kuma ta bi ra'ayin halacci a 1993 idan an iyakance lokacin jira. Abin da ya fi kuɓuta shi ne a rubuta cewa za a mayar.

DILLALAI DA TAKARDU

Dillanci sana'a ce ta halal, la'ada kuma halal ce idan an san ta. Amma dillali amintacce ne. Idan mai mota ya ce a sayar miliyan 8, dillali ya sayar 9 ya soke ɗaya ba da sanin mai ita ba, ya ci haram. Idan ya san aibi ya yi shiru, ya yi tarayya cikin zunubin. Haka nan abokan da a ke jerawa su riƙa taya mota da tsada alhali ba saye za su yi ba, domin baƙo ya ruɗu, wannan shi ne najashu da hadisi ya hana. Wanda kuma ya zo ya ce, "Ni ban san mota ba, na ba ka amana, ka sayar mini yadda ka ke sayar wa mutane," aka ƙware shi, Malikiyya sun ba shi haƙƙin warware cinikin.

Daga sharuɗɗan ciniki akwai kasancewar haja mallakin mai sayarwa. Motar sata, ko ta bi hannu goma, ta mai ita ce. Ranar da ya zo da hujja zai karɓi abarsa, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa. Saboda haka a gwada lambar shasi da ta injin da abin da ke cikin takardu, a tabbatar da takardar kwastan ta gaskiya ce, domin motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ana iya ƙwace ta a kan titi, kuma ɓoye wannan ga mai saye aibi ne kamar ɓoye fasasshen injin. Sa'an nan a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a ambaci kuɗi, da aibobin da aka bayyana, da kwanakin hiyari. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida a ciniki ta sauka. Abin kunya ne a ce a garin da ke da Tsangayar Shari'a da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a nan Kongo, Musulmi suna cinikin miliyoyi da fatar baki, sa'an nan su ƙare a gaban alƙali babu takarda babu shaida.

TO, WACCE ZA A ZAƁA?

Wanda ke da kuɗin sabuwa a hannu, bayan ya sauke nauyin iyali da basussuka, ya saya ya gode wa Allah. Wanda ba zai kai gare ta ba sai ta hanyar riba, ta haramta a gare shi ta wannan hanya, ya nemi ta hannu. Wanda zai same ta da bashi na halal amma biyan zai cinye rabin albashinsa shekaru, ya tuna Manzon Allah ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, kuma ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Ga mafi yawan magidanta, ta hannu mai lafiya, wadda aka bincika aka biya lakadan aka kuma rage wani abu domin gyara, ita ta fi kusa da kwanciyar rai. Tsakanin tokumbo da ta gida kuwa, wadda aka san mai ita da yadda ya riƙe ta sau da yawa ta fi wadda ba a san komai game da ita ba sai ƙyallin fenti.

Motar hawa ba ta da zakka, kamar yadda dokin hawa ba shi da ita, amma mai sayar da motoci hajarsa dukiyar kasuwanci ce, zakka tana kanta. Wanda ya yi niyyar saye ya yi istihara, ya shawarci masana. In ya saya ya riƙa karanta addu'ar hawa da ke Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, ya rage wa maƙwabci hanya, ya kai mara lafiya asibiti, ya kiyaye dokar hanya. Mai sayarwa kuma ya tuna hadisin da ya nuna cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana, a kan sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya, a kan shafe albarkar. Shi ma wata rana zai tsaya a matsayin mai saye.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga riba da ha'inci, Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanyoyi. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.